Neman kalmar Hausa: aikin da ake yi bayan an dakatar da rabon maganin tundurmi

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri a kan tundurmi, kuma kalmar "surveillance" ta tsaya mini a wuya. Ana nufin aikin da ake ci gaba da yi bayan an shekara biyar ko fiye ana raba wa jama'a magungunan Mectizan da albendazole, sannan aka dakatar, kamar yadda aka yi a Filato da Nasarawa. Na rubuta "sa ido", amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Jami'ar lafiya: Wa alaikumus salam. Malam, "sa ido" ya yi sanyi, domin ba kallo ake yi ba. Ana ɗibar jini a yatsun yara 'yan shekara 6 zuwa 7, waɗanda aka haifa bayan an fara rabon, saboda idan aka sami alamar tsutsar da ke jawo cutar a jikinsu, to sauro bai daina yaɗa ta ba. Sau uku ake gwajin, na farko kafin a dakatar da rabon, sauran biyun bayan an dakatar, da tazarar shekara 2 zuwa 3. Mu "bibiya" muke cewa.

Malamin Hausa: Hajiya, abin da ya wuce ake bi, mu kuwa abin da ya ɓuya muke jira. Kalmar ita ce "fako", irin na maharbi. Tsutsar tana iya shekara 6 zuwa 8 a jikin mutum, 'ya'yanta kuma sai dare ya yi suke fitowa cikin jini, to wane suna ya fi "fakon cuta" dacewa? Na daɗe ina faɗa, amma ku ma'aikatan asibiti kun fi jin daɗin abin da ya yi kama da Turanci.

Jami'ar lafiya: Allah ya gafarta Malam, "bibiya" ba Turanci ba ce. Kuma ranar da aka sanar a rediyo cewa ma'aikata za su zo makaranta su yi fako, babu uwar da za ta bar ɗanta ya miƙa yatsa.

Mai sauraro daga Maraɗi: Kafin ku gama, ku tuna "tundurmi" ma kumburin ƙafa kawai yake nunawa, alhali tsutsar nan ita ke jawo wa maza da yawa gwaiwa, kuma yaran da ake gwadawa galibi ba su da ko ɗaya.

Malamin Hausa: Wannan wata magana ce daban. Ni dai ban ga yadda za a kira kama sauro ana binciken cikinsa, wanda shi ma yana cikin aikin, da suna bibiya ba.

Mai shirin rediyo: Na gode. Zan ce "bibiyar yaɗuwar cutar", in ambaci tundurmi da gwaiwa tare, in kuma kawo misalin maharbi idan na zo kan sauro.

Malamin Hausa: To, shirinka ne. Amma a cikin darasina "fako" zan ci gaba da rubutawa.