Goldfinger: wai me Bond ya tsinana a fim ɗin nan?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana a kan Goldfinger na 1964, kuma na san akwai masu jin haushi. Duk sanda aka zo jera finafinan James Bond shi ake ɗorawa a sama, wai nan Sean Connery ya ƙure iyawa. Ni kuwa na ce a fim ɗin nan Bond ɗan kallo ne. Ku bi labarin ku gani. A otal ɗin Miami ya janye Jill Masterson daga wajen ubangidanta Goldfinger, bos ɗin fim ɗin, aka kashe ta, aka shafe ta da fentin zinari. A Suwizalan ya haɗu da 'yar'uwarta Tilly, ita ma hular Oddjob, yaron Goldfinger, ta karya mata wuya a gabansa. Motar da ake ta kuzuzutawa, Aston Martin DB5, mai bindigogi da kujerar da ke cilla mutum sama, bango ya je ya gwara ta saboda madubi ya ruɗe shi da hasken fitilarsa. Daga nan har kusan ƙarshe a tsare yake. Saƙon da ya so aikawa ya cusa a aljihun wani ɗan ta'adda, aka harbe mutumin, aka matse motar da gawar a injin 'yan gwangwan. Bam ɗin da Goldfinger ya ɗana a ƙarshen fim ɗin ma ba shi ya kashe ba. Yana tsaye yana zufa yana lalubar wayoyi, wani masani ya miƙo hannu ya danna makunni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kawu Habu: Wa alaikumus salam. Kai yaro, ka kalli fim ɗin da ido amma ba ka saurare shi da kunne ba. Wa ya gano yadda ake fitar da zinari daga Ingila? Bond ne ya bi Rolls-Royce ɗin Goldfinger har masana'antar Suwizalan, ya ga ana kwance gangar jikinta ana narkarwa, ashe gwal ce aka yi wa fenti. A nan ya tsinci sunan shirin Goldfinger a bakin mutumin da kansa. Suna kawai ya ji, bai san me ke ciki ba, amma da aka ɗaure shi a tebur hasken leza na tafowa tsakanin ƙafafunsa, da sunan nan ya yi burga ya sayi ransa. Aikin ɗan leƙen asiri ke nan: ya kasa kunne, ya riƙe abin da ya ji, ya san lokacin fito da shi.

Baban Khalifa: Allah ya ja da ran Kawu, ai ransa kawai ya tsirar. Ba a aiko shi daga Landan don ya tsira da ransa ba.

Auta: Ku gafarce ni manya, tunda ana maganar fim ɗin. Ai matar da aka shafe da fentin zinari da gaske ta mutu a wajen ɗauka. Fatarta ce ta kasa numfashi.

Anti Balaraba: Auta, wa ya gaya maka? Sunanta Shirley Eaton, kuma lafiya lau ta wanke fentinta ta koma gida. Hotonta da fentin ya hau bangon mujallar Life a ƙarshen 1964, ta ci gaba da fitowa a finafinai har 1969, sannan ta bar harkar ta koma kula da iyalinta. Daga baya har littafin tarihin rayuwarta ta rubuta. Ji-ta-ji-tar daga cikin fim ɗin ta samo tushe, don Bond da bakinsa ya gaya wa shugabansa cewa toshewar fata ce ta kashe Jill. Mutum da huhu yake numfashi. Abin da fenti zai iya yi shi ne ya hana gumi fita, zafi ya taru a jiki. Su masu shirin ma sun ɗan tsorata a lokacin, shi ya sa suka ajiye likita a wurin, suka bar wani yanki na cikinta ba fenti.

Auta: To Anti, wadda ake nunawa da zinari a farko lokacin da sunaye ke wucewa fa?

Anti Balaraba: Waccan Margaret Nolan ce, wata daban. Ita ma ta rayu har 2020.

Malam Lawan: Mu dawo kan batu. Ni ina ganin Baban Khalifa ya faɗi gaskiya a kan abin da ke faruwa a labarin, sai dai hukuncin da ya yanke ne ban yarda da shi ba. Eh, Bond a tsare yake. Amma da gangan marubutan, Richard Maibaum da Paul Dehn, suka bar shi a hannun bos, don mai kallo ya zauna kusa da Goldfinger ya ji yadda kansa ke aiki. Ku duba gyaran da suka yi wa littafin Ian Fleming. A littafi, mutumin so yake ya kwashe zinarin Fort Knox, babbar taskar Amurka da ke jihar Kentucky, ya gudu da shi. Duk mai hankali ya san ba zai yiwu ba. A fim sai suka sa Bond ya yi masa lissafi suna zaune suna shan abin sha: zinarin dala biliyan 15, nauyinsa tan 10,500, mutum 60 sai sun yi kwana 12 suna lodi a manyan motoci 200, alhali sa'o'i kaɗan gare shi kafin sojoji su iso. Yana cikin lissafin ne ya farga da kansa cewa ba sata aka zo yi ba. Bam za a tayar mai gubar nukiliya, zinarin ya zama ba ya taɓuwa har shekara 58, na hannun Goldfinger kuma ya ninka daraja sau goma. A wancan zamani dala a jingine take da zinari, dala 35 kowane oza, haka aka tafi har 1971. Wanda ya gurɓata Fort Knox ya girgiza kuɗin rabin duniya ke nan. Wannan zaman hirar ya fi mini duk harbe-harben fim ɗin, kuma Bond ne ya warware ƙullin.

Auta: Ashe da shirin ya yi nasara sai 2022 za a buɗe taskar.

Baban Khalifa: Malam, ya warware, sai aka yi yaya? Ya sani, amma ba shi da hanyar gaya wa kowa. Felix Leiter na CIA ma leƙowa ya yi ta shinge, ya hango shi da mace a gefe, ya ce lafiya yake, ya yi tafiyarsa. Wadda ta ceci Amurka ita ce matuƙiyar jirgin Goldfinger, wadda Honor Blackman ta fito a matsayinta. Ita ta sanar da hukuma, ita ta sa aka musanya iskar gubar da za a fesa wa sojoji.

Kawu Habu: To wa ya juyo da ita? Juyo da na hannun daman abokin gaba ai shi ne ƙololuwar sana'ar.

Anti Balaraba: Kawu, a nan kam ku yi haƙuri ba na tare da ku. Ku sake kallon abin da ya faru a rumbun ciyawar nan. Ta ce a'a, ta ture shi, ya fi ta ƙarfi. Sai kawai a wayi gari wai ta sauya sheƙa saboda haka? Wannan ba dabara ba ce, rubutun maza ne na shekarun 1960. Kuma abin takaici, Blackman ta iya judo tun tana shirin talabijin na The Avengers, shi ya sa ma aka saka kokawar a ciki. An samu mace mai tuƙa jirgi, mai horar da tawagar mata matuƙa, aka rasa dalilin da za a ba ta na juya wa mai shirin kashe dubban mutane baya sai wannan.

Kawu Habu: Wannan wurin ban taɓa kare shi ba, Balaraba, kuma ba zan fara yau ba. Amma Oddjob fa? Shi ma matar ce ta kashe shi?

Baban Khalifa: Wannan ɗaya na ba shi. Ko da yake sai da ya sha jifa da bango tukuna. Ya jefa masa sandar gwal a ƙirji mutumin ya yi murmushi.

Malam Lawan: Ai dole. Harold Sakata ɗan Hawai ne, asalin iyayensa Japan, ya ci azurfa a ɗaga nauyi a gasar Olamfik ta Landan a 1948, sannan ya shiga kokawa. A wajen ɗaukar mutuwarsa, inda ya kama hularsa da ta maƙale a ƙarafa wuta ta ja shi, ƙonewa ya yi da gaske a hannu, amma bai saki ba sai da darakta Guy Hamilton ya ce a tsaya. Teburin lezar ma haka. Hasken daga baya aka ɗora shi a hoto, amma yankan na gaske ne: wani ma'aikaci ne a ƙarƙashin teburin da wutar walda yana tafowa a hankali, Connery na kwance a sama. Firgicin da kuke gani a fuskarsa ba duka ne wasa ba. A littafi zarto ne mai juyawa, suka mai da shi leza, wadda a lokacin shekararta huɗu kacal da ƙirƙirowa.

Baban Khalifa: Kun ga kun shigo layina ba ku sani ba. Duk abin da kuke yabo na wasu ne. Cikin Fort Knox na mai tsara dandalin fim Ken Adam ne, wanda aka hana shiga ainihin wurin ya zauna ya ƙago nasa, aka gina a situdiyon Pinewood na Ingila, zinari jibge hawa-hawa a bayan ƙarafa. Waƙa ta Shirley Bassey ce da John Barry. Oscar ɗin da fim ɗin ya ci, na farko a tarihin Bond, Norman Wanstall ne ya karɓa a kan sauti. Bos ɗin ma mutum biyu ne: jiki na Gert Fröbe, Bajamushe da Turancinsa bai nuna ba, murya kuma ta Michael Collins da aka ɗora. Ku kwatanta da From Russia with Love na 1963. Can Bond ke tafiyar da aikin tun daga Santanbul, kuma faɗansa da makashin da Robert Shaw ya fito a matsayinsa a ɗan ɗakin jirgin ƙasa ba mai cetonsa sai jakarsa da hannunsa.

Kawu Habu: Can ɗin ma tarko aka ɗana masa ya shiga da ƙafarsa, kuma Shaw ɗin nan ya daɗe yana binsa a baya, har ya taɓa cetonsa a sansanin da aka kai hari, Bond bai sani ba. A ƙarshe kuma wa ya harbe Rosa Klebb, muguwar nan mai wuƙa a takalmi da ta zo kashe shi? Tatiana ce, 'yar Rashar da ke tare da shi. In dai da wannan ma'auni za ka auna, to can ma mace ce ta fid da shi.

Baban Khalifa: Ta fid da shi a minti na ƙarshe, bayan ya riga ya ƙwato na'urar warware saƙonnin sirri da aka aike shi nema ya kawo ta Venis. Da bambanci, Kawu.

Anti Balaraba: Ni dai abin da na lura, masu kuɗin ba su damu da wa ya kashe bam ba. Furodusoshin, Broccoli da Saltzman, sun zuba kusan dala miliyan 3, daidai da kuɗin finafinai biyun farko a haɗe, suka kwashi sama da miliyan 120. Daga nan galibin finafinan Bond sai da mota mai dabaru, da ziyarar ɗakin Q mai ƙera wa Bond kayan aiki, da ƙaton yaron bos. Fleming kansa bai ga abin ba, ya rasu a Agustan 1964, wata guda kafin a fara nunawa a Landan.

Malam Lawan: To Baban Khalifa, tambaya ɗaya. Wasan golf ɗin nan, inda Goldfinger ya yi maguɗi Bond ya musanya masa ƙwallo ya cinye shi da dokar da shi ya nace a bi, a wane layi ka sa shi? Na ga ka tsallake shi a lissafinka.

Baban Khalifa: Ban tsallake ba, Malam. An aike shi ya binciki mutum a ɓoye, ya je ya ci shi fam 5,000 ya ƙara tunzura shi. Wannan a layin laifi na sa shi.