Muhawara: Shin a ofishin hedimasta gyaran ilimi yake mutuwa?

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum. Batunmu na yau ya fito ne daga bakin Malam Sufeto, wanda ya ce duk gyaran da gwamnati ta kawo a harkar ilimi, a ofishin shugaban makaranta yake mutuwa. Wasu sun gaskata shi, wasu kuma sun ce ya ɗora wa bayin Allah laifin da ba nasu ba. Bismillah Malam, a kawo hujja.

Tsohon sufeton makarantu: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. Takardar umarni takan taso daga hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, ta biyo ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, hedimasta ya sa hannu ya karɓa, ya zura ta cikin fayil, daga nan kuma ba a sake jin ɗuriyarta, domin ko malamansa ba zai tara ya karanta musu ba. Akwai makarantar da na tarar da jadawalin darussa iri biyu: ɗaya manne a bangon ofis, an tsara shi bisa sabon umarni saboda idon baƙo, ɗayan kuma yana cikin aljihun tebur, kuma da shi ake kaɗa ƙararrawa. Ku ɗauki manufar harshe da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ita a watan Nuwamban 2022, lokacin da Adamu Adamu yake ministan ilimi, wadda ta ce a koyar da yara da harshen uwa a duka shekaru shida na firamare. Shugabannin makarantu nawa ne suka zauna da malamansu suka tsara yadda za a fara?

Hedimasta mai ritaya: Ranka ya daɗe, misalin da ka kawo ai ni yake kare wa. Wannan manufar ce dai minista Tunji Alausa ya sanar da sokewa a watan Nuwamban 2025, aka ce a koma Turanci tun daga ajin farko. Shekara uku kacal tsakanin kafawa da rushewa. Da a ce na rusa jadawalina, na sa iyaye sun sayi sababbin littattafai, na tilasta wa malamin lissafi ya nemo sunayen abubuwa da Hausa ba tare da wani littafin jagora a hannunsa ba, yau da wane ido zan kalli iyayen nan? Haka aka yi da shekarun shiga jami'a: a 2024 minista Tahir Mamman ya dage a kan shekara 18, wanda ya gaje shi ya mayar da ita 16 kafin shekarar ta ƙare. Wanda ya daɗe a kujerar nan ya san cewa umarni yakan zo da minista ya kuma tafi da shi, amma yaran da ke gabansa suna nan, kuma shi za a tambaya idan suka fita ba su iya karatu ba. Jinkirin da kake kira zagon ƙasa, a wurinmu kare yara ne.

Tsohon sufeton makarantu: Malam, da girmanka, wannan hujja tana da haɗari. Ministan da ya soke manufar ya kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, alhali yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba a 2025. Wato an yanke wa tsari hukunci ba a gwada shi ba, kuma waɗanda suka ƙi gwada shi suna da kaso a cikin alhakin. Da an samu makarantu ko da ɗari ne da suka riƙe shi da gaske, suka ajiye sakamakon yaransu a rubuce, da akwai abin da za a ɗora a teburin minista.

Malamar aji biyu: Ina neman afuwar iyayena, amma ina ganin ku duka biyun kuna magana ne a kan takarda, ni kuwa a cikin aji nake wuni. A makarantarmu, kafin 2022 da Hausa muke bayani, bayan 2022 da Hausa muke bayani, yau ma da Hausa muke bayani, sai dai abin da ake rubutawa a allo da abin da ke cikin littafin yaro duk Turanci ne. Ina karanta jimla da Turanci, in fassara, yara su maimaita, su kwafe abin da ba su fahimta ba. Babu umarnin da ya canja wannan, na kafawa ko na sokewa, saboda babu wanda ya zo da littafin lissafi ko na kimiyya da Hausa. Shugabarmu ta karanta mana takardar a taron malamai, ta tambaye mu abin da muke buƙata, ta rubuta wa ofishin ƙaramar hukuma, kuma har aka soke manufar amsa ba ta zo ba. To, ita me ta kashe?

Malami a kwalejin ilimi: Maganar Malama ta kai mu inda ya kamata. Koyarwa da harshen gida a shekarun farko na firamare tana cikin manufar ilimi ta ƙasa tun 1977, kuma tun kafin nan Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara gwaji a Ile-Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida. Abin da ya sa aka ga amfanin wancan gwaji shi ne an rubuta littattafai, an horar da malamai, an kuma bi yaran ana auna su shekara bayan shekara. A 2022 shi kansa ministan ya faɗa cewa aiwatarwa za ta jira samar da kayan aiki da malamai. Ke nan an aiko wa hedimasta da umarnin da mai umarnin ma ya san bai shirya masa ba. Sannan a duba ikon da ke hannun hedimasta: ba shi yake ɗaukar malami ba, ba shi yake yi masa canjin wurin aiki ba, albashi daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, littafi kuma sai abin da aka sauke masa. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko ga kowa, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha jin UBEC, hukumar tarayya mai kula da waɗannan kuɗi, tana kokawa cewa biliyoyin naira suna jibge ba a zo an ɗauka ba. Duk da haka ba zan wanke shugabannin makarantu tas ba, domin makarantu biyu a unguwa ɗaya, da talauci iri ɗaya, sai ka ga ɗaya malamai suna aji ƙarfe takwas, ɗayar kuwa har ƙarfe goma ana hira a gindin bishiya.

Shugaban kwamitin iyaye: Malam ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu a Kano, da aka ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, zamanin Gwamna Ganduje, an hana karɓar kuɗi daga hannun ɗalibai, kuma mun yi murna. Ba a daɗe ba sai ga shugaban makarantarmu ya kira mu taro, ya buɗe mana kabad, ya nuna mana ragowar alli da bai kai rabin kwali ba, ya ce jarrabawar ƙarshen zango ta gabato kuma babu kuɗin buga takardun tambayoyi. Muka yi karo-karo da sunan gudummawar iyaye. A takarda ya bi doka, a aikace kuɗin nan dai daga aljihunmu ya fita. Ban zarge shi ba. Amma na san wata makarantar da aka mayar da irin wannan gudummawa hanyar ci, babu rasit, babu lissafi, kuma yaron da bai kawo ba a tsayar da shi a bakin ƙofa. Wannan kam Malam Sufeto ya fi kowa gaskiya a kansa.

Hedimasta mai ritaya: Alhaji, wanda ya kori yaro saboda kuɗi azzalumi ne, ba na kare shi. Sai dai ku tambayi yadda ya hau kujerar. Muddin takardar ɗan siyasa ta fi shekarun aiki da cancanta nauyi wajen naɗa hedimasta, biyayyarsa ga wanda ya kawo shi za ta tafi. Akwai kuma tsoro, wanda ba a cika faɗa ba. Bayan abin da ya faru a Kaduna a 2017, inda gwamnatin El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 sun faɗi kuma aka sallame su, har ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta shiga yajin aiki, kowane shugaban makaranta a Arewa ya ɗauki darasi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Darasin da da yawa suka ɗauka shi ne kada ka kai rahoton matsala, ka cika fom yadda ake so, ka ce komai lafiya. Jadawali biyun da Malam Sufeto ya gani, daga nan ya samo asali.

Tsohon sufeton makarantu: Jadawali biyu ya girmi 2017, Malam, tun muna samari muke ganinsa. Kuma jarrabawar Kaduna ta tona wani abu da ya shafe ku kai tsaye: malaman da suka kasa amsa tambayoyin 'yan aji huɗu sun yi shekaru a ƙarƙashin shugabannin da ke sa hannu a rahotonsu na shekara suna rubuta cewa aikinsu ya gamsar. Na yarda ba ku kuke ɗauka ba, ba ku kuke kora ba, amma biron da ke cika wannan rahoto a hannunku yake.

Hedimasta mai ritaya: Na taɓa rubuta gaskiya a kan wani malami da ba ya iya karanta rajistar ajinsa. Shi yana nan har yau, ni aka ɗauke aka kai ƙauye a tsakiyar zango, kuma rahoton ta teburin sufeto ya bi kafin ya isa inda ya isa.

Malamar aji biyu: Ni dai tambayata ga Malam Sufeto ita ce: sabuwar manhajar da aka sanar a 2025, wadda aka ce ta rage yawan darussa, mun ji labarinta a rediyo kafin kwafinta ya iso hannun shugabarmu. Idan ka shigo makarantarmu a wannan tsakanin ka tarar muna kan tsohuwar, sunan wa za ka rubuta a rahotonka?

Tsohon sufeton makarantu: Zan fara tambayar shugabarku ko ta rubuta ta nema, in kuma ce ta nuna mini kwafin wasiƙar da kwanan watanta. Idan akwai, sunan ofishin da ya riƙe manhajar zan rubuta. Idan babu, nata.