Tayar tubula a titinmu: ku da kuka hau, me kuka gani?

Ɗan Gwammaja, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa mahaya. Na samu ƙafafun keken tsere na kabon a cikin kayan Beljiyam, gaba da baya, da araha sosai. Da na kai wa mai faci ya sa mini taya, sai ya jujjuya rim ɗin ya ce wannan ai ba shi da leɓen da taya ke kamawa, ga kuma ragowar busasshen gam a jikinsa. Ashe na tubula ne, tayar nan da ake ɗinke tiyub a cikinta, sai dai a manna ta a rim. Kafin in yi oda ina so in ji daga bakin waɗanda suka hau ta a titi irin namu. Wace iri zan saya, mai faɗi nawa, kuma za ta yi fitar kullum ko sai ranar tsere?

Baba Makaniki, Kaduna: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin maganar wace iri, ka fara tambayar kanka wa zai manna maka ita. Na daɗe ina yi wa yara masu tsere wannan aiki, kuma duk wadda na ga ta kwaɓe daga rim, daga manni matsalar ta taso. Masu facinmu na bakin titi gwanaye ne a aikinsu, amma wannan ba su saba da shi ba. An taɓa kawo mini ƙafa an manna tayar da sholisho, da babban yatsa kawai na ture ta ta fita. Sholisho na faci ne. Gam ɗin tubula daban yake, irin Mastik One na Vittoria ko na Continental, kuma ka duba gwangwanin ko ya dace da rim na kabon.

Ga yadda nake yi. Sabuwar taya sai na fara sa ta a rim ba gam, in ba ta iska ta kwana, don ta saki jiki, saboda wasu suna zuwa da tsauri har sai hannu ya yi ciwo. Sannan in kankare tsohon gam ɗin da ya yi ɓawo. In shafa sabo siriri a rim, in bar shi ya bushe har washegari, in sake shafawa. Ƙyallen da ke cikin tayar shi ma ya sha nasa. Shafin ƙarshe yana da ɗanye nake ɗora taya, in fara daga bawul ina ja da ƙarfi ta ɓangare biyu, in ba ta iska kaɗan, in juya ƙafar ina daidaita ta har ta zauna tsakiya. Daga nan in cika iska in ajiye awa 24 ba mai taɓawa. Gefen rim shi ne wurin da ke riƙe taya a kwana, don haka kada a yi masa rowar gam. Aikin kwana biyu zuwa uku ne, mai gaggawa ba ya yin sa.

Mai Hawan Kibo, Jos: Baba ya faɗi gaskiya, ni zan ƙara da zafi. In ƙafafunka masu birkin roba ne da ke matse rim, to duk zafin birkin a rim yake taruwa, gam kuma yana saman rim ɗin. Na taɓa saukowa gangaren Hawan Kibo da rana ina riƙe da birki, da na tsaya a ƙasa na duba sai na ga bawul ɗin baya ya karkace. Ma'ana gam ya yi laushi, tayar ta ɗan zame a kan rim. Tun daga ranar nake matsa birki in saki, in matsa in saki, gaba da baya a jere, ba na jan sa a dogon gangare.

Wanda ya kalli tseren keke na Tour de France na 2003 ba zai manta Joseba Beloki ba. A zango na 9, kusa da garin Gap, ana tsananin zafi har kwalta ta narke, ƙafarsa ta baya ta zame a kwana, tayar ta fita daga rim, ya faɗi ya karya cinya da gwiwar hannu da wuyan hannu. Lance Armstrong da ke bayansa sai ta cikin gona ya ratsa. Beloki fa shi ne ya zo na biyu a wannan tseren a 2002, ga ƙwararrun makanikai a bayansa. Balle mu da Kano ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Kada ka bar keken a cikin mota a rufe da rana, kuma kafin kowace fita mai muhimmanci ka sace iskar ka tura tayar da yatsa ta ko'ina, ka ga ko akwai inda ta ɗaga.

Anti Mai Keke, Abuja: Kada ku tsorata shi mana. Ni abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne ranar da ta yi mini faci ina cikin gudu a gangare, tayar gaba kuwa. Iska ta fita, amma tayar tana nan manne, na rage gudu a hankali na tsaya lafiya. Taya ta gama-gari in ta sace a irin wannan gudun tana iya fita daga rim, ka taka kwalta da ƙarfe. Abin da ya sa 'yan tsere suka daɗe suna riƙe da ita ke nan. Abraham Olano ma da tayar baya a sace ya ƙarasa ya ci gasar duniya ta 1995 a Duitama ta ƙasar Kolombiya. Ga laushi a kwana, ga rashin nauyi wajen hawa. Ƙanena, ka ɗauki mai faɗin milimita 25, ko 28 in firam ɗinka zai ɗauka. Na hau 23, a titi mai ramuka duk jijjigar a hannu da baya take ƙarewa. Iska kuma ba na wuce bar 6 zuwa 7 a ma'aunin famfo, ko da an rubuta fiye da haka a jikin tayar.

Ɗan Yantala, Yamai: Mu nan ƙaya ce matsalarmu, tsidau da ƙayar da iska ke watsowa bakin kwalta. Na fara da mai jikin auduga, irin mai laushin nan ta tsere. Daɗin hawa kam babu kamarta, sai dai ba a yi ta don hanyarmu ba. Vittoria Corsa, alal misali, zare 320 ne a kowane inci, tiyub ɗinta na lateks, wata roba mai laushi, shi kuwa lateks iska na zurarewa ta jikinsa, kullum da safe sai ka ɗauki famfo. Wannan halinsa ne, kada ka ɗauka faci ne. Yanzu mai tiyub na butil, wato baƙar robar tiyub da aka saba, nake hawa, mai kauri a bayanta, irin Sprinter Gatorskin ta Continental. Ta fi nauyi kuma ba ta kai waccan laushi ba, amma tana riƙe iska kwanaki. Ka tabbatar bawul ɗin mai kwancewa ne, don ka iya zuba ruwan toshe huji a ciki. Ƙaramin hujin ƙaya yana toshewa. Tayar Tufo ma babu tiyub daban a cikinta, da ruwan kawai ake gyara ta.

Injiniya, Zariya: Ni dai shawarata ta saɓa da taku. Ka tambayi kanka me ya sa ƙafafun suka yi araha. Manyan ƙungiyoyin tsere na Turai sun koma tubles, wato taya marar tiyub, har Sonny Colbrelli da ita ya ci tseren Paris-Roubaix na Faransa a 2021, shi ya sa tsofaffin ƙafafun tubula suka cika kasuwar gwanjo. Su can mota na bin su da ƙafa a shirye, in an yi faci a sauya cikin daƙiƙoƙi. Kai wa ke bin ka a hanyar Bichi? Na yi faci a bayan gari, ruwan toshiya ya kasa saboda yankan kwalba ne. Sai da na ɓamɓare tayar da hannu, na sa ta ajiya da nake ɗaurewa ƙarƙashin sirdi, na lallaɓo gida ina tsoron kowace kwana. Gyaran waccan kuwa sai an ɗaga ƙyallen ciki, a farke ɗinki, a jawo tiyub a yi faci, a sake ɗinkewa da allura kamar aikin baduku. Kowace babbar huda kusan kuɗin sabuwar taya ce, kuma odarta za ka yi ka jira. Na sayar da nawa.

Baba Makaniki, Kaduna: Injiniya bai yi ƙarya ba, amma ba sai an sayar ba. Yaran da ke wurina ƙafa biyu-biyu suke da ita, ta alminiyam da taya ta gama-gari don atisaye, ta tubula kuma ranar gasa. Haka taya ɗaya ke yi musu shekara. Ta ajiyar kuma lallai a shafa mata gam ya bushe tun a gida kafin a naɗe ta, in ba haka ba babu abin da zai riƙe ta a hanya.

Ɗan Gwammaja, Kano: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ajiye su don ranar gasa, in ɗauki 25 mai butil guda uku, ɗaya ta ajiya. Baba, na ga ana sayar da tef mai manni ta fuska biyu a madadin gam, yaya kake ganinsa?

Baba Makaniki, Kaduna: Amin. Tef ya fi sauƙi da tsafta, a rana ɗaya ka gama, kuma na sa wa masu hawa a shimfiɗaɗɗen titi bai ba su matsala ba. Amma ga mai shiga kwana da gudu a zafin nan namu, gam na fi amincewa da shi, don ya fi kama gefe. Ka kuma auna zurfin rim ɗinka kafin ka yi oda. In mai zurfi ne, bawul ɗin tayar ba zai leƙo ba sai da abin ƙarin tsawo, kuma kafin manni ake ɗaura shi, a naɗa masa farin tef na masu aikin famfo don kada iska ta zurare.