Ɗaukar hoton tsuntsaye da furanni bayan tashi daga aiki: ta ina ake farawa?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wanda ke yini gaban kwamfuta, yana so ya riƙa fita ɗaukar hoton tsuntsaye da furanni don kansa ya huta, yaya zai tsara abin? Waya ce da kuma kyamara mai gilashin jawo nesa na 70-300mm a hannu, lokaci kuma bai wuce rabin awa ba a rana. Sannan me ke sa hoton tsuntsu fitowa dishi-dishi ko da akwai haske?

Idon_Kyamara:
Wa alaikumus salam. Dishi-dishin nan galibi daga saurin ɗauka ne. In ka bar kyamara ta zaɓa da kanta, takan sauko 1/125 na daƙiƙa, kuma a 300mm rawar hannunka kaɗai ta isa ta ɓata hoton. Juya ta zuwa S, ko Tv in Canon ce, wato inda kai ke zaɓar saurin ɗauka. Tsuntsun da ke zaune kan reshe, sa 1/500. Mai tashi, 1/2000. Bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya daidaita kansa, amma ka yi masa iyaka a 3200. Hoto mai ɗan ɗigo-ɗigon da yawan ISO ke jawowa ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai shara.

Dalili na biyu shi ne saiti, wato abin da kyamara ta kama don ya fito tas a hoton. Kyamara na son kama abin da ya fi kusa da ita, wato ganyen da ke gaban tsuntsun. Zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya, ka ɗora shi kan idon tsuntsun. Matse gwiwar hannu a haƙarƙari, hannun hagu ƙarƙashin gilashi. Kuma ka guji rana tsaka: awa ɗaya bayan fitowar rana ko kafin faɗuwarta, rana na bayanka, nan launin gashin ke fitowa.

Mai_Furanni:
Malam, kada ka raina wayar. Ga tsuntsu ba ta da ƙarfi, domin jawo hoto da yatsu yanke shi kawai take yi, amma ga fure da ƙwaro ta isa. Goge gilashinta tukuna. Danna kan furen ka riƙe har saiti ya kulle, sannan ka ja haske ƙasa kaɗan, in ba haka ba farin fure ko ja zai ƙone, jijiyoyinsa su ɓace. Durƙusa ka zo daidai tsayinsa, ka nemi inda abin da ke bayan furen ke nesa. Da sassafe ya fi: iska ba ta taso ba, akwai raɓa, malam-buɗe-littafi kuma bai ji ɗumi ba balle ya tashi.

Tsohon_Hannu:
Duk sun faɗi gaskiya, amma ni hutun da ka ambata ya fi damuna. Abin nan yana saurin zama aiki na biyu. Mutum ya dawo da hoto 400, ya sake zama gaban kwamfutar da ya gudo wa yana tacewa har dare, ya ɗora a Instagram yana leƙen wa ya yaba. Ina hutun?

Ka yi wa kanka iyakar hoto 36, kamar fim ɗin da. Ka ɗauka a JPEG, hoton da kyamara ta riga ta gyara, a watannin farko; RAW, wato ɗanyen hoto, zai tilasta maka gyara. Kashe data kafin ka fita, saƙon ofis ɗaya ya isa ya cinye rabin awar. Zaɓi wuri ɗaya da za ka kai da ƙafa, ko da bishiya ɗaya ce, ka riƙa komawa. Minti goma na farko zauna shiru kawai. Tsuntsayen da zuwanka ya kora za su dawo, a hankali ka gane reshen da suka fi sauka, ka saita kyamara a kansa kana jira. Wannan jiran ne ke sauke gajiyar, don ido da kunne sun shagala da abin da ke gabansu.

Idon_Kyamara:
Haka ne, Baba. Ƙari ɗaya: kada a matsa wa sheƙa. In uwa ta tashi tana kuka tana kewaya, ka yi kusa da yawa, ja da baya, ƙwai da 'ya'yan ba sa jure rana ko sanyi in ba ta kansu.