Yawan mace-mace ne ma'aunin aikin nas?

Mai rekod: Salamu alaikum. Ni fa ku ba ni rajistar ɗaki ta wata guda, in ƙirga waɗanda aka sallama da waɗanda suka rasu, in faɗa muku inda nas ke aiki da inda ake barci.

Sistar ɗakin maza: Haba Malam, wannan ai kuɗin goro ne. Ciwon da ya fi ƙarfin asibitin Kaltungo ko na Bajoga, asibitin koyarwa na Gombe ake turowa, wani rai kwakwai mutu kwakwai. Wanda ya turo rajistarsa fes, wanda ya karɓa shi ke rubuta gawa.

Hajiya Matron: Ƙara masa da wannan, 'yata. Dangi in sun ga jiki ya yi tsanani, ko kuɗi sun ƙare, sai su sa hannu su ɗauke majinyacinsu. Ya cika a mota kafin a kai Dukku. A wane layi ka rubuta shi, Malam?

Mai rekod: Ranki ya daɗe, to a daina ƙirga ke nan? Florence Nightingale, shahararriyar nas ɗin Ingila, da ta je yaƙin Kirimiya a 1854, ai da lissafi ta nuna cuta ta fi rauni kashe sojojin Ingila.

Hajiya Matron: Wa ya ce a daina? A ƙirga abin da ke hannun nas. Dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki, an juya shi duk awa 2, ko gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu? Wa ya faɗo daga gado? Bakin allurar ƙarin ruwa ya kumbura? Ni da na shiga ɗaki zanin gado nake ɗagawa, in duba dunduniya da gadon baya. Fata ba ta yi mini ƙarya.

Ɗalibar nas: Mama, an koya mana binciken Linda Aiken na 2002 a Amurka: duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar majinyacin tiyata cikin kwana 30 da kwantar da shi a asibiti yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100.

Mai rekod: Yauwa! Ashe mutuwar dai aka ƙirga.

Sistar ɗakin maza: An ƙirga, amma sai da aka daidaita tsananin ciwon kowa da shekarunsa. Rajistarka suna ne da ranar shiga da ranar fita. Kuma ka buɗe layi ka rubuta mu nawa ne a aikin dare. Jiya ni kaɗai ce, NEPA ta ɗauke, da fitilar waya na ba da maganin ƙarfe 2.

Mai rekod: Layin zan buɗe, Sista. Wa zai cike?