Muhawara: Shin kuɗin tikiti zai riƙe kogin kankare na wasan kwalekwale a Legas?

Alhaji (Alaba Rago): Salamu alaikum jama'a, ga magana na kawo. Akwai wuraren wasa a manyan birane inda ake zuba magudana ta kankare, famfo na tura ruwa yana gangarowa da kumfa kamar kogi a kan duwatsu, mutane na shiga da kwalekwalen mutum ɗaya ko jirgin roba mai cin mutum takwas. Jamusawa suka fara a Augsburg don Olamfik ta 1972, yau akwai a Landan da Sidni, har da Al Ain a Daular Larabawa, cikin hamada. Ni na ce Legas ta fi su dacewa. Ruwa ya kewaye mu, ba mu da sanyin da zai sa a rufe, ga masu kashe kuɗi a bakin teku duk Asabar da Lahadi. A gina a Lekki ko Epe, tikiti kaɗai zai riƙe shi.

Injiniya (Agege): Wa alaikumus salam. Alhaji, ranka ya daɗe, yawan ruwa bai shiga lissafin ba. Gangare ake nema, Legas kuwa shimfiɗe take. Na Augsburg daga kogin Lech aka janyo masa ruwa, yana gangarowa da kansa kyauta. Na Landan, wato Lee Valley, shi ya yi kama da halinmu: tsawon mita 300, faɗuwa mita 5.5 daga sama zuwa ƙasa, ruwa kubik mita 13 kowace daƙiƙa. Tankar mai ta lita 33,000 kenan tana juyewa cikin daƙiƙa biyu da rabi, ba tsayawa. Duk ruwan nan famfo ne zai ɗaga shi. Buga 13 sau 9.81 sau 5.5, za ka samu kusan kilowat 700. Famfo da mota suna cin nasu kason, idan ingancinsu ya kai kashi 70 cikin ɗari, abin da mitar wuta za ta karanta ya kusa megawat ɗaya. A farashin wutar Band A na Yulin 2024, wato rukunin da aka fi ba wuta a yini, naira 209.50 kowane yunit, awa ɗaya ta doshi naira 210,000. Idan janareta ne, a ƙaddara lita 270 na dizal a awa.

Hajiya (Obalende): Ni ruwan ne ya tsaya mini a rai. Unguwanni nawa ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, sannan a ce za a zubar da wannan a wasa?

Injiniya: A'a Hajiya, wannan kam ba asara ba ce. Ruwa ɗaya ne ke zagayawa. Sau ɗaya ake cika tafkin da ke ƙarshen magudanar, sai ɗan ciko na abin da rana ta sha da wanda aka wanke matata da shi.

Alhaji: Injiniya, ai ka ba ni makami da hannunka. Jirgi goma, kowanne mutum takwas, mutum 80 kenan. Awa biyu wuta ta ci naira 420,000. Raba ka gani, kowa 5,250. Wane ɗan Lekki ne wannan zai hana shiga?

Injiniya: Lissafin Asabar ka yi. Famfo bai san yawan mutanen da ke kan ruwa ba. Ranar Talata da safe mutum goma sha biyu suka zo, kuɗin wutar yana nan yadda yake, kowa ya tashi a kan 35,000, ba a taɓa albashin masu ceto da matuƙa ba. Abin da ake yi a rage asara shi ne a sa famfo da yawa, kamar shida na Penrith a Sidni, a kunna wasu kawai idan 'yan koyo ne a ruwa, a kuma tara jama'a zuwa lokuta ƙayyadaddu.

Sai uwa uba, ginin. Lee Valley ya ci fam miliyan 31 a 2010. Mu kuma ƙasar Lekki yashi ce a kan laka mai laushi. Tudun mita biyar da rabi sai an cike shi da yashi, ciko mai nauyi a kan laka kuwa nutsewa yake yi, kuma ba daidai yake nutsewa ba. Gefe ɗaya ya sauka ya bar ɗaya, kankaren ya tsage daga mahaɗa, ruwa ya riƙa zurarewa yana kwashe yashin ƙarƙashi. Dole a kafa ginshiƙai har su taɓa ƙasa mai ƙarfi. Akwai kuma wadda ba a cika tunawa da ita ba: ruwan ƙasa a nan kusa yake da sama ƙwarai. Ranar da aka kwashe tafkin don wanki da damina, ruwan ƙasa zai tura daɓen daga ƙasa ya fasa shi, sai in an yi shi da kauri sosai ko an sa bawul na rage matsi.

Koci (Ikorodu): Ni ina bayan Alhaji, amma ta wata fuskar. Jonathan Akinyemi, wanda ya wakilci Najeriya a wasan bin ƙofofi da kwalekwale a Olamfik ta Landan 2012 da ta Rio 2016, a Ingila ya koya. Benjamin Boukpeti da ya ci wa Togo tagulla a 2008, a Faransa ya tashi. Yaran bakin ruwanmu sun iya filafili tun suna ƙanana, shi ya sa muka samu irin su Ayomide Bello a tseren ruwa kwance. Amma wasan ƙofofi sai da ruwa mai gudu: ƙofa 18 zuwa 25, kore a bi da ruwa, ja a juyo a hau ruwa, ka taɓa sanda a ƙara maka daƙiƙa 2, ka tsallake ƙofa a ƙara 50. Ba a koyon wannan a ruwa kwance irin na mashigin Five Cowrie a Legas. Kuma magudanar kankare ta fi kogi aminci, tunda shingayen da ke ta da igiyar ruwa tubalan roba ne da ake ɗaurewa a kan layin ƙarfe, ana matsar da su a sassauta ko a tsananta.

Likita (Idi-Araba): Koci, amincin nan da sauransa. Zafin da Alhaji ya lissafa cikin riba shi ne babban abin tsoro. Akwai ƙwayar cuta, Naegleria fowleri, da ke rayuwa a ruwan daɗi mai ɗumi. Shan ruwan ba ya kawo ta, ta hanci take shiga ta haura ƙwaƙwalwa, wanda ta kama kuma da wuya ya tashi. A 2016 ta kashe wata budurwa bayan jirginsu ya kife a filin Charlotte na Amurka, aka rufe magudanar, aka sake tsarin tsaftace ruwan. A wasan nan kuwa kifewa da shaƙar ruwa ta hanci abin kullum ne. Ruwanmu ɗumi ne duk shekara, famfunan ma suna ƙara masa zafi. Fitilar kashe ƙwayoyi ba ta aiki a ruwa mai duhu, don haskenta ba ya ratsa laka. Sai an fara tacewa da yashi, a sa kulorin, a riƙa auna shi sau da yawa a yini domin rana da kumfa suna cinye shi, a kuma tsotse lakar da ke kwanciya a gindin tafki, inda ƙwayar ke ɓuya.

Alhaji: To a ja ruwan teku mana, Likita. Gishiri ai magani ne.

Likita: Wannan ƙwayar dai ba ta zama a ruwan teku, gaskiyarka. Amma na lagun ɗinmu zartsi ne da rani, ya koma kusan na daɗi da damina, ga kwatocin gari duk a ciki suke zuba. Ba zan sa ɗan kowa a ciki ba.

Injiniya: Girkawa sun yi da ruwan teku a Olamfik ta 2004. Gishiri yana cin famfo da rodin cikin kankare, sai an sayi ƙarfen da ba ya tsatsa, mai tsada. Filin nasu ma daga baya watsi aka yi da shi. Idan kuma daga lagun aka ja, kainuwa da leda za su toshe ragar bakin famfo, ruwa ya ragu, famfo ya shaƙi iska, fankarsa ta fara ɓurma.

Hajiya: In Nefa ta ɗauke ana tsakiyar wasa fa?

Koci: Ruwan da famfo ke turowa ya tsaya, magudanar ta tsiyaye cikin 'yan mintuna, jirage su zauna a kan kankare. Haɗarin yana wajen dawowar wuta. Idan mutane sun sauko suna tafiya a ciki aka kunna famfo, ruwa zai same su a tsaye, kuma tsayuwa ce ke kisa a wasan nan: ƙafa ta maƙale tsakanin tubala, ruwa ya danne mutum fuska ƙasa, ko da zurfin bai wuce ƙugu ba. Shi ya sa ake koya wa kowa tun kafin ya shiga: in ka faɗa, kwanta rigingine, ƙafafu sama suna gaba, kada ka miƙe sai ruwa ya lafa. Rigar ruwa ɗaure tamau, hular kwano, mai igiyar ceto a kowace kwana. Ba a kunna famfo sai an ƙirga kawuna an busa jiniya.

Injiniya: Kuma ba a tada su gaba ɗaya, janareta zai durƙusa. Ɗaya bayan ɗaya, da na'urar tashi a hankali. Alhaji, in ka sauko daga girman Olamfik zan saurare ka. A Lee Valley akwai ƙaramar magudana ta biyu, mita 160, faɗuwa mita 1.6, ruwa kubik mita 10.5 kowace daƙiƙa. Wutarta kamar kilowat 235 ce, bai kai rubu'in babbar ba, tudun cikonta ma kaɗan ne.

Koci: Ta isa koyo da jirgin roba. Ba ta isa gasar ƙasa da ƙasa ba.

Alhaji: Ni ban sauka ba tukuna. Ga madatsar Oyan kusa da Abeokuta, wadda in an saki ruwanta yake malalowa har Isheri. Can akwai gangaren kyauta irin na Jamusawa.

Injiniya: Akwai, amma ka bar Legas kenan, ka bar masu sayen tikitinka. Kuma ruwan Oyan na sha ne da noma. Da rani mai madatsa ba zai sakar maka kubik mita 10 a daƙiƙa don Asabar ta zo ba, da damina kuwa zai saki fiye da abin da magudanarka za ta ɗauka, sai ka gina ƙofar kanka a bakinta.