Kwalin littattafan tsohon malami: in saya ko in haƙura?

Ƴar Tudun Wada: Assalamu alaikum ƴan'uwa, shawara nake nema kafin Juma'a. Maƙwabcinmu tsohon malamin sakandare ne, ya yi ritaya zai koma garinsu, ya ce zai sayar mini da kwalin littattafansa a kan naira dubu 45. Na ƙirga, guda 38 ne. Yawancinsu tsofaffin labaran Ingila ne, irin soyayyar nan mai tsoratarwa da ake yi a tsohon gida mai ɗakin da ba a buɗewa. Akwai Jane Eyre cikakke, ba gajartaccen ƴan makaranta ba, da na tarihi masu kauri, sai na Hausa guda shida bugun Zariya, har da Ganɗoki. Damuwata biyu: gara ta ɗan taɓa gefen guda bakwai na ƙasan kwalin, kuma ya ce ba ya rabawa, ko duka ko babu. Kuɗin kuma na gyaran keken ɗinkina ne. Wanda ya taɓa sayen irin wannan ya taimaka.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Me zai sa ki kashe kuɗi? Waɗannan tsofaffin duk kyauta suke a intanet. Ni a waya na karanta nawa.

Ummu Sadiq: Ki zaɓi na Hausar kawai ki bar masa sauran.

Ƴar Tudun Wada: Anti, ai na ce ba ya rabawa. Wayar kuma idona ba ya jure ta, shafi biyar hawaye sun fara zuba.

Mai Littafi Sabon Gari: Dubu 45 ya yi yawa. Gwanjon irin waɗannan a wurinmu daga 800 zuwa 1,500 ne. Ki taya dubu 25.

Hajjo: 800 a ina? Watan jiya na sayi Wuthering Heights 3,500, kuma bugun ƴan damfara ne, rubutun kamar ƙwan tururuwa, shafi goma sha biyu babu a tsakiya.

Mai Littafi Sabon Gari: Hajiya, wannan daban ne. Ya kasance cikin manhajar adabi ta WAEC daga 2021 zuwa 2025, shi ya sa aka yi ta buga na bogi, kuɗinsa kuma ya hau. Haka aka yi da The Castle of Otranto a zangon 2016 zuwa 2020, yau ko kyauta ka bayar ba mai ɗauka.

Maman Ikram: Ƙanwata, ki saya. Ko bashi ne ki ci ki saya. Bari in gaya miki abin da ya same ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da akwatin ƙarfe kore cike da littattafai. A gabansa na koyi karatun labari, bayan isha'i, da fitilar ƙwai. Shi ya fara karanta mini labarin marainiyar nan, Jane Eyre, da ta je koyarwa a gidan attajiri tana jin dariya da dare daga saman bene, yana karantawa da Turanci yana juya mini da Hausa. Kowane littafi ya rubuta sunansa da shekarar da ya saya a shafin farko, da biro shuɗi, in kalma ta yi wuya ya sa ma'anarta a gefe. Da aka yi mini aure na bar akwatin a gida, na ce sai mun sami wuri. Bayan rasuwarsa da wata huɗu na je gida, na aiki yaro sayen ƙosai a bakin layi. Da na buɗe takardar da aka naɗe ƙosan, wallahi rubutun Baba ne a gefe, mai ya jiƙa shi. Ashe wata a gidan ta ga akwatin yana cin wuri, ta sayar wa mai ƙosai da takardun, ta zuba kwanuka a ciki. Na ruga wurin matar, abin da na samu guda uku ne, su ma an yage rabi. Shekara tara ke nan, har yau ban iya cin ƙosan layinmu ba.

Hajjo: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba. Kin sa ni kuka.

Ummu Sadiq: Allah ya ba ki haƙuri Maman Ikram. Amma ita wadda ta sayar, ba ta tambayi kowa ba?

Maman Ikram: Cewa ta yi ta ɗauka tsofaffin takardun jarrabawa ne. Mun shirya, zumunci ya fi ƙarfin haka, amma abin yana nan a raina.

Malamin Adabi: Allah ya yi masa rahama. Ƴar Tudun Wada, ki duba na Hausar nan da kyau, don a nan darajar kwalin take. Ganɗoki na Bello Kagara yana cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga su a 1934. Labarin tarihi ne namu, na zuwan Turawa da yaƙin Kwantagora, kafin jarumin labarin ya shiga duniyar aljanu. Tsohon bugu mai tsabta ba kullum ake samu ba. Na Ingilan ma, cikakke ya fi gajartacce nesa ba kusa ba. A gajartacce sukan bar miki abin da ya faru, su cire sanyin daji da kaɗaicin gidan, alhali tsoron a nan yake.

Mai Littafi Sabon Gari: Malam, da girmanka, ku a aji kuke ganin littafi, mu a kasuwa. Shekara goma sha huɗu ina wannan sana'a. Abin da gara ta shiga ba shi da kasuwa.

Malamin Adabi: Ai ba sayarwa za ta yi ba, Alhaji, karantawa za ta yi. Kai kana auna riba, ni ina auna abin da ke ciki.

Ɗan Fagge: Ni dai abin da na fahimta a labarin Jane Eyre ɗin can na 1847, mutumin yana da uwargida ya kulle ta a bene, ya zo zai yi amarya bai faɗa ba. Da a Fagge ne, kafin a kai sadaki ƴan unguwa sun kai wa iyayen yarinya rahoto.

Hajjo: Kai Ɗan Fagge! Ai marainiya ce, wa za a kai wa?

Baba Na Gusau: Ƴata, batun gara. A ƙasa take zama, in kin ɗauke littafin daga inda take hawowa ta rabu da shi. Ki fitar da bakwan nan, ki kakkaɓe su shafi shafi, ki sa su a inuwa mai iska. Kada ki bar su a rana tsaka, gam ɗin baya zai bushe ya farfashe. Ki ɗora su a kan katako, nesa da bango. In cin bai kai rubutu ba, ba komai.

Ƴar Tudun Wada: Na gode Baba. Biyu ne kawai ya kai rubutu. Maman Ikram, labarinki ya tsaya mini a rai.

Ummu Sadiq: In kin saya, kada ki ba kowa aro. Gara ta fi masu aro imani. Nawa guda biyar suna hannun ƙawaye, ɗaya ma da na tambaya cewa ta yi wai ni na ba ta kyauta.

Hajjo: Ni nawa ya dawo, amma da shatin kofin shayi a bango, yaro kuma ya zana mota a shafin ƙarshe.

Malamin Adabi: Ni littafin rajista na buɗe, mai aro ya sa hannu. Ɗalibai suna dawowa da shi. Abokan aiki ne ba sa dawowa.

Ummu Sadiq: To in ƙanwar mijinki ce fa, Malam, ita ma rajistar za a miƙa mata?

Ƴar Tudun Wada: Jama'a, keken fa? In taya dubu 35 ko zai ji haushi? Dattijo ne, ina jin nauyinsa.